Salon Michael Kenna a Ɗaukar Hoton Shimfiɗar Ƙasa da Abin da Yaɗuwarsa Ta Haifar

Tun daga shekarun 1980 wani salo ya bunƙasa a fasahar ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa, inda mai hoto yake ƙaurace wa launi da cunkoso, ya zaɓi itace guda ko gaɓar teku, ya bar sauran fili fayau cikin fari da baƙi. Michael Kenna, wanda aka haifa a garin Widnes na Ingila a 1953, yana sahun gaba wajen ɗaukaka salon, haka ma Hiroshi Sugimoto na Japan, wanda ya fara jerin hotunansa na teku a 1980. Ginshiƙin aikin shi ne barin idon kyamara a buɗe na dogon lokaci, a wajen Kenna har sa'o'i da dama cikin dare, ta yadda gajimare da igiyar ruwa za su narke su koma tamkar hazo, abin da ba ya motsi kaɗai ya fito sarai.

Natsuwar da ke cikin hotunan Kenna tana da tushe, domin ya shafe shekaru bakwai na ƙuruciyarsa a makarantar horar da limaman Katolika, kuma har yanzu da fim yake aiki, yana wanke hotunansa da hannu. Amma yaɗuwar salon ta samo asali ne daga wasu dalilan: gajiyar da idon mutanen birni ya yi da ambaliyar hotunan waya, da arahar gilashin rage haske da ake maƙalawa a bakin kyamara, wanda ya ba kowa damar kwaikwayon aikin dare da rana tsaka. Siffar takan kwaikwayu, haƙurin da ya haife ta kuwa da wuya.

Sakamakon ya fi bayyana a wuraren da aka ɗauka. Hoton da Kenna ya yi wa wani ɗan tsibiri mai itatuwan fayin a gabashin Koriya ta Kudu a 2007 ya sa wurin ya shahara, kuma shaharar ta taimaka wajen kare shi lokacin da ake gina tashar iskar gas a kusa. A garin Biei na tsibirin Hokkaido kuwa lamarin abin takaici ne, domin a 2016 mai gona ya sare wani sanannen itace da Kenna ma ya taɓa ɗauka, saboda tsufansa da kuma yadda masu yawon buɗe ido suke tattake masa amfanin gona.

Kwaikwayon ya kai har gaban shari'a, domin bayan da kamfanin jiragen Korean Air ya yi talla da hoton ɗan tsibirin nan na Koriya ta Kudu wanda wani daban ya ɗauka, gidan baje kolin da ke wakiltar Kenna ya shigar da ƙara. A 2014 kotu a birnin Seoul ta kori ƙarar, tana mai cewa ba a mallakar yanayin da halitta ta shimfiɗa, don haka kowa yana da damar tsayawa inda Kenna ya tsaya ya ɗauki nasa.