Superman Na 1978: Tsohon Fim Ya Sha Wanki, Ya Dawo Tangaran

Da yawa daga cikinmu ba a sinima muka fara ganin Superman ba. A gidan bidiyo muka gan shi, irin wanda ake jera benci a shago ko a tsakar gida, a ɗora talabijin a kan tebur, mutum ya biya kuɗin ƙofa ya shiga. Kaset ɗin kuwa kwafi ne daga kwafi, ta yadda kafin ya iso zango jar alkyabbar jarumin ta koma kalar manja, fuskoki duk dishi-dishi, ga wani layi yana yawo a ƙasan allo, mai bidiyo yana ta faman murɗa na'ura. Duk da haka, washegari sai ka ga yaro ya ɗaura zanen uwarsa a wuya yana dirowa daga kan katanga, wai shi Sufaman. Wasu sun tsira da targaɗe, wasu kuwa sai da aka dangana da mai ɗori.

Abin da ya sa muka tono wannan tsohon zance shi ne, mun samu damar zama mun kalli fim ɗin a faifan da kamfanin Warner ya gyara, wanda ya fara fitowa a 2018 lokacin da fim ɗin ya cika shekara 40, aka kuma sake fito da shi a 2023 cikin kwali ɗaya da sauran finafinan da suka biyo bayansa. Faifan irin wanda ake kira 4K ne. Da muka gama kallo sai muka dubi juna, domin ashe duk tsawon shekarun nan rabin fim muka sani.

Wannan ba zuguguwa ba ce. An ɗauki fim ɗin ne don faffaɗan allon sinima, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu. Talabijin ɗinmu na da kuwa kusan murabba'i ne. Don hoto ya cika allon, sai masu kaset su datse gefe da gefe, abin da ake zubarwa ya kan haura kashi 40 cikin 100. Shi ya sa a da za ka ji mutum biyu suna magana amma ɗaya kawai kake gani, ko hancin ɗayan ya leƙo daga gefe. Yanzu da aka maido da faɗin, gonakin alkama na garin da jarumin ya tashi, waɗanda aka ɗauka a lardin Alberta na ƙasar Kanada, sai suka buɗe har iyakar ganin ido. Wurin da saurayi Clark yake sallama da uwar riƙonsa a tsakiyar gona, su biyu tsit a ƙarƙashin sararin sama, a kaset ba mu taɓa jin nauyinsa haka ba.

Idan ba a manta ba, fim ɗin ya fito ne a watan Disamba na 1978. Richard Donner ne darakta, Alexander Salkind da ɗansa Ilya tare da Pierre Spengler su ne furodusoshi. An fara ɗauka a watan Maris na 1977, mafi yawa a sutudiyon Pinewood da na Shepperton a Ingila, sai birnin Niyok wanda ya tsaya a matsayin Metropolis. An kashe kimanin dala miliyan 55, kuɗin da ya girgiza 'yan fim a wancan zamani, aka kuma samu kimanin dala miliyan 300. Furodusoshin sun san ba za a ba su kuɗi a kan labarin zane-zanen yara ba sai da manyan sunaye, don haka suka ɗauko Mario Puzo, marubucin The Godfather, ya tsara labari, suka ɗauko Marlon Brando ya fito a matsayin Jor-El, mahaifin jarumin. An biya Brando dala miliyan 3.7 ban da kason riba, alhali fitowarsa ba ta cika minti 20 ba. Ko haddace maganganunsa bai yi ba, rubuta masa ake yi a kwali yana karantawa. Gene Hackman, wanda ya fito a mugu Lex Luthor, ya karɓi dala miliyan 2. Shi kuwa mai gayya mai aiki, Christopher Reeve, dala 250,000 aka ba shi na fim na ɗaya da na biyu a haɗe, sunansa ma a bayan nasu ya zo.

Amma shi ne fim ɗin. Reeve yana ɗan shekara 24 aka zaɓe shi, dogo siriri, bai yi wani suna ba tukuna. An so a cusa masa soso a cikin riga don ya yi ƙirar ƙarfi, ya ce a'a, ya je wajen David Prowse, mutumin da ya sa kayan Darth Vader a Star Wars, ya yi ta ɗaga ƙarfe har jiki ya cika. Ƙwanjin ba shi ne abin mamaki ba. Akwai wani wuri a gidan Lois Lane, wadda Margot Kidder ta fito a matsayinta, inda Clark Kent yake jiran ta shirya. Yana tsaye a ranƙwashe da tabarau, sai ya cire tabarau ɗin, ya miƙe kafaɗa, murya ta sauya, a gaban idonka ya zama wani mutum daban, har ya yi kamar ya ƙara tsawo. Da ta fito sai zuciya ta karye masa, ya maida tabarau ya koma sususu. Babu kwamfuta, babu yankan hoto. Duk wanda ke tambayar yadda tabarau kawai zai ɓoye mutum ga abokan aikinsa, to ga amsa nan. A sabon faifan kana ganin motsin idonsa da na leɓensa, abin da kaset ya haɗiye mana.

Tashin sama ma da dabarar hannu aka yi shi. An rataye Reeve da wayoyi, an kuma yi amfani da wata na'ura da Zoran Perisic ya ƙirƙiro, wadda ke haɗa gilashin kyamara da na majigi su yi zuƙowa tare, sai jarumin ya yi kamar yana tahowa alhali yana wuri ɗaya. Wannan aiki ya samu lambar Oscar ta musamman. Kiɗan John Williams kuwa, wanda makaɗan London Symphony suka buga, ba sai mun faɗa ba, ko yaron da bai ga fim ɗin ba ya san shi.

Akwai wani abu a labarin da muna yara bai dame mu ba, yanzu kuwa shi ya fi tsaya mana a rai. Superman baƙo ne. An haife shi a wata duniya mai suna Krypton, iyayensa suka saka shi a kumbo yana jariri saboda ƙasarsu za ta halaka, wani manomi da matarsa, Jonathan da Martha Kent, suka tsince shi suka raine shi. Sunansa biyu, Kal-El na asali da Clark na inda ya tashi. Ubansa biyu, ɗaya ya koya masa ladabi da aikin gona, ɗaya kuma sai muryarsa da hotonsa, yana ba shi tarihin ƙasar da ba zai taɓa takawa ba. Mu da kakanninmu suka biyo hanyar goro suka zauna a nan, aka haifi iyayenmu a nan, muke jin labarin Kano da Katsina a bakin tsofaffi, muke da sunan gida da sunan makaranta, ba ma buƙatar tafinta a wannan wuri. Ba kuma haɗari ba ne. Waɗanda suka ƙirƙiro jarumin, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani ne da suka tashi a birnin Cleveland. A 1938 suka sayar da haƙƙinsa a kan dala 130 kacal, suka tsufa cikin talauci wasu na kwasar arziki da shi. Sai a 1975, da Siegel ya ji ana shirin wannan fim ya fito ya yi ta kuka a jaridu, sannan kamfani ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma maido da sunayensu. Idan kun zo kallo ku lura da rubutun farkon fim, suna nan.

Ba za mu ce fim ɗin ba shi da aibi ba. Farkonsa yana tafiya a hankali, sai an haura minti 40 kafin a ga Reeve cikin shuɗiyar riga, yaran yanzu sai sun yi haƙuri. Wawan yaron Luthor, Otis, barkwancinsa ya yi yawa. Wurin da Lois take rera baitoci a zuci suna shawagi a sama, mu dai a nan muke tashi ɗauko ruwa. Babban abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ƙarshen. Luthor ya harba makamai biyu, ɗaya ya nufi tsagewar ƙasa ta San Andreas don gaɓar Kalifoniya ta nitse filayen hamadar da ya saye su yi tsada, ɗayan ya nufi garin Hackensack. Budurwar Luthor ta ceci Superman daga dutsen da ke karya masa ƙarfi bisa sharaɗin zai fara tare na Hackensack, domin uwarta tana can. Ya cika alkawari, dalilin haka ya makara, Lois ta mutu a girgizar ƙasa. Har nan labari ya yi ma'ana, mutum ya riƙe alkawari ya biya farashi mai tsada. Sai kawai ya tashi ya yi ta kewaya duniya har lokaci ya koma baya, Lois ta tashi. To in haka abin yake da sauƙi, ina amfanin kukan da ya yi a kan kabarin Jonathan, inda ya ce duk ƙarfinsa ya kasa ceton uban riƙonsa? Ihun da Reeve ya yi a kan gawar Lois ne kawai ya sa muke yafe wa wurin.

Yanzu bari mu zo ga mai son saye, domin fim ɗin kashi uku ne a kasuwa, kuma mai shago ba lallai ya bambance maka ba. Akwai na sinima mai minti 143, shi ne a faifan 4K. Akwai na 2001 mai minti 151, wanda Donner da kansa ya sa hannu aka ƙara wasu wurare, kamar inda Superman yake ratsa harsasai da wuta da ƙanƙara a hanyar maɓoyar Luthor. A wannan ne aka sake haɗa sauti, aka musanya wasu ƙararraki da sababbi, abin da bai yi wa masu kishin asali daɗi ba. Sai na uku mai minti 188, wanda aka shirya don talabijin, domin furodusoshin da minti ake biyansu, suka kwaso duk abin da aka zubar suka maida. Wannan ya fito a Blu-ray a 2017. A ganinmu na sinima ya fi, na awa uku kuwa sai wanda ya riga ya haddace fim ɗin yake neman ƙari.

Wani gargaɗi kuma. Kada wanda ya saka faifan ya ga hoton da ɗan hazo-hazo da tsaki-tsaki ya ce an cuce shi. Mai ɗaukar hoton, Geoffrey Unsworth, da gangan ya sa wa kyamara gilashin da ke tausasa haske, don fim ɗin ya yi kama da mafarki. Ya rasu a watan Oktoba na 1978 bai ga fitowarsa ba, shi aka sadaukar wa fim ɗin. Masu gyara sun kyauta da ba su goge wannan hazo ba, domin da sun bi son masu talabijin na zamani sun murje shi, da fuskoki sun koma kamar na roba. Inda gyaran ya fi nuna kansa shi ne Krypton. Fararen kayan mutanen can an ɗinka su ne da wani abu mai maido da haske irin na alamun titi, a kaset farin dunƙule kawai muke gani, yanzu kuwa suna ƙyalli amma ana ganin mutum a ciki. Gaskiya ne, tsabtar hoton ta kuma tona asirin wasu wurare, kamar ƙananan gidajen kwaikwayo da ruwan madatsa ya tafi da su, ana ganewa sarai.

Faifan 4K yana buƙatar na'urarsa da talabijin ɗin da ya dace da shi, tsohuwar na'urar DVD ba za ta karanta shi ba. Daɗinsa shi ne ba a kulle shi da shiyya, saɓanin DVD, wanda idan ɗan'uwa ya aiko da shi daga Amurka sau da yawa na'urar nan ta kan ƙi shi. Irin faifan nan na bakin titi mai fim ashirin a ciki kuwa, mun taɓa saye, abin da muka samu bai fi kaset ɗin da ba.

Kwalin 2023 yana ɗauke da wani abin tarihi. Donner ya ɗauki fim na ɗaya da na biyu ne a tare, ya ci wajen kashi uku cikin huɗu na na biyun, sai rigima ta ɓarke tsakaninsa da furodusoshi suka sallame shi, Richard Lester ya ƙarasa, aka kuma cire Brando gaba ɗaya don kada a biya shi kaso. Sai a 2006 aka tattaro abin da Donner ya ɗauka aka haɗa nasa Superman II ɗin. Duka biyun suna cikin kwalin, mai kallo ya yi alƙalanci.

Reeve bai ga wannan ba. A watan Mayu na 1995 ya faɗo daga kan doki a wata gasa a jihar Virginia, wuyansa ya karye, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ya yi shekara tara a keken guragu yana numfashi da taimakon na'ura, yana yawon neman tallafi don binciken ciwon laka, ya rasu a watan Oktoba na 2004 yana da shekara 52. Margot Kidder ta bi shi a 2018, Donner a 2021, Hackman a 2025. A 2017 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka fim ɗin cikin jerin waɗanda za a adana don tarihi. A sabon Superman na 2025, wanda David Corenswet ya fito a ciki, an ba ƙaramin ɗan Reeve, Will, ɗan gajeren rol na ɗan jarida.

Ranar da muka kalla akwai yara uku a ɗakin, kowanne da waya a hannu. Har aka bar Krypton aka bar gona ba wanda ya ɗaga kai. Da aka zo inda jirgi mai saukar ungulu ya maƙale a saman bene, Lois tana reto a jikin bel, Clark ya dubi akwatin tarho na titi ya ga ba zai ɓoye shi ba, ya ruga ya buɗe riga kiɗa ya tashi, sai muka ga wayoyin sun kife a kan cinya. Da aka gama, ƙaramin ya tambayi uwarsa ko tana da jan zane.