Me Ke Sa Bakin Dogon Ƙwan Lantarki Yin Baƙi?

Ya ku ɗalibai, ku duba dogon ƙwan lantarki da ya kwana biyu a aji, ko a shagon tela a kasuwar Yauri. Za ku ga bakinsa biyu sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Ba da jimawa ba sai ya fara ƙyafta ido, daga nan sai ya mutu. Wasu kan ce hayaƙi ne. To, ba hayaƙi ba ne, ga dalili.

A cikin ƙwan nan babu waya da ta tashi daga wannan baki zuwa wancan. Iskar gas ce 'yar kaɗan, da ɗan ɗigon zaiba. Wuta takan shiga ta wani ɗan ƙarfe da ke baki ɗaya, ta ratsa iskar, ta fita ta ɗan'uwansa da ke ɗaya bakin. Bari mu kira ƙarafan nan mashigai. Su ne ran ƙwan, su ne kuma suka fi ba masana wahala tun farko.

A shekarar 1857 wani maƙerin gilashi a birnin Bon na Jamus, Heinrich Geissler, ya ƙera bututun da iskar cikinsa ke haske idan aka sa masa wuta. Amma fitilun irin wannan ba sa daɗewa. Ƙwayoyin iskar sukan yi ta dukan mashiga, kamar yadda igiyar ruwa ke cin gaɓar tafki a Ngaski. Ɓurɓushin ƙarfen sai ya manne a gilashi ya yi baƙi, ya kuma danne iskar har ta ƙare.

Kowa ya nemi dabararsa. A 1901 Peter Cooper Hewitt na Amurka ya yi mashiga da ruwan zaiba, domin idan ta tashi tururi takan sake komawa mazauninta. Sai dai wasu fitilunsa sai an karkata su kafin su kama, haskensu kuma shuɗi-shuɗi ne mai ɓata kamannin fuska. A 1910 Georges Claude ya nuna fitilar neyon a Faris. Shi faɗaɗa mashigar ya yi, don dukan ya bazu, kamar yadda gammo ke raba nauyin tulu a ka. Shi kuwa Arthur Wehnelt na Jamus, tun 1904 ya gano cewa idan aka shafa wa ƙarfe wani irin gari dangin farar ƙasa aka zafafa shi, wuta takan fita cikin sauƙi. Da wannan dabara aka yi dogon ƙwan da ya shiga kasuwa a 1938: 'yar murɗaɗɗiyar waya mai shafen gari a kowane baki.

Duk sanda aka kunna, garin nan yakan ɗan zube. Shi ne baƙin da kuke gani. Ran da ya ƙare, ƙwai ya gama aiki. Saboda haka ku daina wasa da makunni. Idan wuta ta zo ba ƙarfi ƙwai yana ta ƙyaftawa, a kashe shi, don kowace ƙyaftawa kamar sabuwar kunnawa ce.

Saura babban gargaɗi. Zaiba guba ce. Kada yaro ya fasa mataccen ƙwai don wasa, kada kuma a jefa shi a ruwa. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, shi ke juya injinan lantarki, shi ne kuma abincin masunta daga Shanga har Ngaski. Zaibar da ta shiga ruwa takan taru a jikin kifi, kifin kuwa tukunyarmu zai dawo. Idan ƙwai ya fashe a ɗaki, a buɗe tagogi, yara su fita, babba ya kwashe da kwali, ba da hannu ba. Mai sayen sabo kuwa ya nemi na LED, don babu zaiba a cikinsa.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.