Labarin Maƙeran Amurka da Adon Mota Ya Rinjaya

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945, wata sana'a ta yi ƙarfi a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Saurayi ya sayi mota lafiyayya, ya kai wa maƙeri a sāke mata kama. A yanke ginshiƙan rufinta a rage tsawo, a cire marikin ƙofa da tambarin kamfani, a narka darma a cike gurabensu, kana a goge har jikin ya yi sumul kamar ƙwai.

Mashahuran wannan aiki su ne 'yan'uwa biyu, Sam Barris da George Barris. Su suka gyara wa Bob Hirohata mota Mercury ƙirar 1951, wadda har yau masana ke yabo, domin mafi yawan aikinta ragi ne, kuma kowane sashe ya dace da ɗan'uwansa.

To, daga baya sai gasa ta shigo. A wuraren baje kolin motoci alƙalai kan ba da maki bisa yawan abin da aka canza, saboda haka mai neman kofi ya shiga ƙari ba ji ba gani. Fitilu huɗu a goshin da aka ƙera domin biyu, fukafukan ƙarfe a baya, bututun hayaƙi a gefe wanda hayaƙi bai taɓa bi ba, da fitilun haskawa marasa ko waya. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki, fitilar da ba ta kamawa me sunanta?

Babban misali ita ce Golden Sahara, wadda ta fito daga shagon Barris a 1954, an gina ta a kan Lincoln ƙirar 1953 da ta yi haɗari. An shafe ƙarafunanta da ruwan zinariya, an haɗa fentinta da ɓawon kifi domin ƙyalli, an saka mata talabijin da rikoda. Sunan hamada aka ba ta, alhali ba domin rairayi aka yi ta ba, domin 'yan kallo ne. Ta yi yawon nuni shekaru, sa'an nan aka kulle ta wajen 1970.

Ga abin da fatake za su so ji. Da aka fito da ita gwanjo a 2018, bayan mutuwar mai ita, fenti ya dushe, aka saye ta dala 385,000. Mercury ɗin Hirohata kuwa, a gwanjon Janairun 2022, ta kai kusan dala miliyan biyu.