Katanga ba ta faɗuwa sai ta yi gargaɗi

A duwatsun bakin teku na ƙasashe irin su Norwe da Kanada, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne duba dusar ƙanƙara kafin ta zabtaro kan jama'a. Sukan haƙa rami a cikinta su ga yadda ta hau kan juna hawa-hawa, sannan su sanar da girman haɗarin, daga mataki na 1 zuwa na 5. Suna ƙara sa ido idan iska mai ɗumi ta taso daga teku da ruwan sama, domin ruwan yana ƙara wa dusar nauyi, ya ratsa ƙasanta ya kwance ta.

Mu a Sassumbrum, da ma Magarya da Dungas, ba mu da ƙanƙara, amma muna da ginin ƙasa, kuma abin da ruwa ke yi masa ke nan. A daminar 2024 fiye da mutum 300 suka rasu a Nijar, wasu a ruwa, wasu gini ya faɗa musu. A Satumbar 2024 ne tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe.

To, me ya kamata maigida ya duba? Da farko gindin bango: in ya yi duhu, yatsa na shiga, ya sha ruwa. Sai tsaga: wadda take ƙara buɗewa, musamman a kusurwa, ta fi tsohuwa haɗari. A sa mata alama da gawayi, a sake dubawa da safe. A duba azara ko gara ta ci, a duba indararo ko yana zuba a jikin bango. Ƙofar da ta fara cijewa, da ƙasar da ke zubowa daga rufi, duk gargaɗi ne.

Kada ɗaukewar ruwa ta ruɗe mu. Yayyafin kwana biyu ya fi ruwan awa ɗaya jiƙa gini, kuma bango kan faɗi bayan gari ya washe, sau da yawa cikin dare.

Saboda haka jama'a, in an ga alama a fitar da yara da tsofaffi, a kwana a rumfa ko wajen maƙwabta, a kira magini da safe. Yaɓe da gyaran magudana kuwa, tun bazara ake yin su. Allah Ya ba mu damina mai albarka.