Wa Ya Mari Wa? Aikin Ƙarshen Suna a Harsuna

A Hausa, idan aka ce "Audu ya mari Bala", jerin kalmomin ne ke nuna wanda ya sha mari. Sauya wa sunayen wuri, sai kuncin Audu ya ɗauka.

Larabci ba haka yake ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malam da Ajurumiyya ya san li'irabi: Zaidun shi ne mai aikatawa (aikau), Zaidan wanda aikin ya faɗa wa (karɓau), Zaidin kuwa sai bayan harafi irin "min" ko wajen mallaka. Wato rafa'u, nasabu da jarru. Wasalin ƙarshe ke ɗauke da nauyin, don haka ana iya gabatar da karɓau kafin aikau, ma'ana tana nan daram. Shi ya sa malam ba ya ɗaga ƙafa a kan wasali ɗaya tak, kuma da gaskiyarsa.

Jamusanci na da irin waɗannan sigogi 4, Rashanci 6, harshen Finlan har 15. Turkanci ɗafi yake liƙawa: "ev" gida, "evde" a gida, "evden" daga gida.

Hausa ma ba ta rasa ɓurɓushin abin ba, sai dai a wakilin suna ya maƙale: ya zo, an gan shi, an kawo masa.