Ku Kwafe Fayilolinku Yau, Kafin Kwamfutar Ta Ƙi Tashi

Mutanen Funtua, Malumfashi, Bakori da Dandume, ku saurara. Kwamfutar da ke ɗakinku ta fara nuna alamar ciwo. Kun lura kuwa?

In kun kunna ta, tana daɗewa tana cewa tana gyaran faifai kafin Windows ta buɗe? Kuna jin ƙas-ƙas-ƙas daga cikinta? Fayil ɗin da ya buɗe lafiya jiya, yau ya ƙi? Sunayen folda sun koma wasu haruffa marasa kan gado? To, faifan ajiya na iya mutuwa kowane lokaci, kuma ba zai yi muku sallama ba.

Me ke ciki? Lissafin buhunan masara da kuka ba dillali bashi. Sunayen manoman da suka karɓi taki za su biya da kaka. Cinikin auduga na bara. In wannan ya tafi, da wace hujja za ku tunkari mai bashi?

A cikin tsohon faifai akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi. A ɗauke wuta kwamfuta tana cikin ajiya, fayil ya yanke a rabi. A ɗora laptop a kunne kan babur a bi hanyar ƙauye, allurar ta karci farantin. Ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga janareto mai wuta sama da ƙasa.

Kada ku fara da gyara! Nan ne mutane ke yin asara. Ku fara kwafe abin da ya fi muhimmanci zuwa filash ko wani faifai na waje. Mai data ya tura Google Drive, akwai 15GB kyauta. Sai kun gama wannan za ku gwada chkdsk, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, domin yana wahalar da faifan da ya riga ya raunana, wani lokaci ma ya ƙarasa shi.

Kwamfutar ta ce a yi fomat? Kada ku danna. Ƙarar ta ƙaru? Ku kashe ta, ku daina kunnawa kuna gwadawa.

In za ku kai wa mai gyara, ku faɗa masa tun daga bakin shago: “Malam, ka ciro mini kayana tukuna.” Wasu ba sa tambaya, sai dai ku dawo ku tarar da sabuwar Windows, ciki fayau.

Filash ɗin da ya dawo daga shagon buga takardu foldodinsa sun zama shotkat kuwa, galibi bairos ne ya ɓoye fayilolin, suna nan. Kada ku goge shi, kada ku zuba sabon abu a kai.

 

Akwai wuta yanzu? Ku ɗauko filash, ku fara da foldar lissafi.