La'adar Dillalan Kuɗi: Yadda Albashin Ma'aikatan Banki Ya Hau Ya Sauka A Amurka

Jama'a, duk wanda ya saba shiga kara ya san dillali ba shi da sa ko ɗaya a turke, amma sai da shi ake ciniki, kuma da la'adarsa yake tashi. To, banki ma dillali ne, sai dai shi hajarsa kuɗi ce. Ya karɓa hannun mai ajiya, ya miƙa wa mai neman rance, ya yanki nasa a tsakani. Nawa ya kamata ya yanka? Bari mu leƙa Amurka mu ga yadda ta kaya.

A shekarar 1792 dillalai 24 suka ƙulla yarjejeniya a birnin New York, aka ce a gindin wata bishiya a titin Wall Street, cewa la'adarsu ba za ta gaza kashi ɗaya cikin 400 na kuɗin ciniki ba. Tushen kasuwar hannun jari ta birnin ke nan.

Cikin shekarun 1920 harka ta buɗe ƙwarai, albashin ma'aikatan kuɗi ya yi wa na sauran ma'aikata fintinkau. Kwatsam a watan Oktoba na 1929 kasuwar ta rushe. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna kusan 9,000 suka rufe, da yawansu ƙananan bankunan karkara ne, ajiyar bayin Allah ta salwanta.

Ganin haka, a 1933 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ake kira Glass-Steagall. Ta raba bankin ajiya da mai cinikin hannun jari, ta ba da ikon ƙayyade ruwan da ake ba mai ajiya, aka kuma kafa hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya faɗi. Aikin banki ya koma na lallaɓawa. Har raha ake yi cewa manaja ya karɓi ajiya a kan ruwa kashi 3, ya ba da rance a kan kashi 6, ƙarfe 3 na yamma ya kulle ofis ya tafi filin wasa. Albashi ya yi ta sauka, har ya zo kusan kunnen doki da na sauran ma'aikata wajen 1980.

Daga nan aka shiga kwance ɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Ranar 1 ga Mayu 1975 aka soke ƙayyadaddiyar la'ada, kowa ya yi cinikin tasa. A 1980 aka fara cire iyakar ruwan ajiya. A 1994 aka yarje wa bankuna su buɗe rassa a wasu jihohi. A 1999 Shugaba Clinton ya sa hannu aka rushe katangar da aka gina a 1933. Nan fa masu manyan digiri a lissafi da injiniya suka kwararo, garaɓasar ƙarshen shekara ta manyan dillalai ta ninka albashinsu.

Wasu masana tattalin arziki biyu, Thomas Philippon da Ariell Reshef, sun bi diddigin albashin tun daga 1909 zuwa 2006. Sun gano cewa a 2006 ma'aikacin harkar kuɗi ya ɗara takwaransa na sauran kamfanoni da kusan kashi 70 cikin 100. Ko an daidaita zurfin karatunsu, ratar kashi 50 ce, ta shugabanni kuwa ta kai kashi 250. Abin lura shi ne, duk sa'ad da aka sassauta doka albashin ya hau, da aka ƙara ɗaure ta ya sauko. A wannan shekarar, in aka raba abin da bankin Goldman Sachs ya biya ma'aikatansa daidai wa daida, kowa zai tashi da sama da dala 600,000.

Amma kada mai karatu ya zaci kowa ne ya sha romon. Kashiya mai ƙirga kuɗi a kanta, wadda galibi mace ce, albashinta bai kai na matsakaicin ma'aikacin ƙasar ba, ga kuma na'urar cirar kuɗi da ta shigo tun 1969 tana raba aikin da ita.

Ƙarshen tika-tika tik. Ranar 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers mai ma'aikata kusan 25,000 ya durƙushe. Gwamnati ta ware dala biliyan 700 don tallabo sauran, aka kuma sake ɗaure harkar da sabuwar doka a 2010. Akasarin garaɓasar da aka riga aka kwasa kuwa ba wanda ya maido.

Nan ne gizo yake saƙa, 'yan'uwa. A kara, in aka sayar da saniya ta fito ta sata, dillali ake fara kamawa, shi ya sa yake buɗe ido kafin ya sa baki. Su kuwa can sun karɓi la'adarsu a shekarar ciniki, da asara ta ɓullo sai ta faɗa kan mai biyan haraji. Sun ci ladan kuturu, wani ya yi askin. Saboda haka kafin ka damƙa wa kowa dukiyarka, a banki ne ko a kasuwa, ka tambaya: in ciniki ya ɓaci, wa zai biya?

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.